Ranar da Kakaki Ya Tashi Tsaye

A duk ma'aikatan Asusu babu wanda ya kai Kakaki iya magana, babu kuma wanda ya kai shi tsoro. Iya maganar kowa ya shaida, don da ita yake cin abinci: shi ke zuwa gidan rediyo, shi ke tarbar baƙi, shi ke tsayawa gaban 'yan jarida yana jera zance ba gargada. Tsoron kuwa sirri ne tsakaninsa da matarsa da karen maƙwabta, wanda saboda shi Kakaki ya daɗe yana zagayawa ta bayan layi da sunan motsa jiki.

Asusun nan Baba ne ya kafa shi. Baba tsohon ma'aikacin banki ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a bayan kanta yana ce wa mata masu ƙananan sana'o'i su kawo takardar gida kafin a ba su rance, yana kallonsu suna juyawa, alhali ya san ba su da gidan balle takardarsa. Da abin ya ishe shi sai ya ajiye aikin, ya kama shago a bayan kasuwa, ya sa benci biyu, ya fara ba da rance ba jingina. Aka ce ya taɓu. Yau ga rassa ko'ina, ga masu sabulu da masu ɗinki da masu kiwon kaji ba iyaka, ribar da aka samu kuma ba ta shiga aljihun kowa, cikin Asusun take komawa. Ko a majalisar gudanarwa matan ne suka fi yawan kujeru. Baba kuwa yana nan da takalminsa na roba da rigarsa da wuyanta ya fara zarewa, har Kakaki kan ji kunyar gabatar da shi ga manyan baƙi.

Ƙa'ida ɗaya ce ta riƙe gidan. Mai neman rance ba ta roƙa wa kanta. Ranar taron mako sai ta zauna a gaba, ta ba 'yan ƙungiyarta baya, ta kama bakinta. Huɗu ne za su tashi a bayanta ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta ce, "Na san ta, na san gidanta, in ta faɗi mun faɗi tare." Ba ta da ikon ce wa kowa ta tashi, ko da ƙifta ido ne. In huɗun suka cika, an gama. In ba su cika ba, ta ɗauki gyalenta ta tafi. Kakaki ya yi wa baƙi bayanin wannan ƙa'ida har ya haddace inda ya kamata muryarsa ta yi rawa, kuma takan yi rawar daidai wurin.

Ruwa ba ya tsami banza. Gab da zaɓe ne yaran wani ɗan takara suka zo da mota cike da atamfa mai hoton ubangidansu, suka ce za su raba a tarukan mako. Baba ya ce bencinsa na sana'a ne, wanda ke son raba atamfa ga titi nan Allah ya yi shi da faɗi. Ɗan takarar ya ci zaɓe, ya zama minista, kuma bai manta ba. Ba a jima ba jaridu suka gano cewa Baba ya shekara da shekaru yana tsotse jinin talakawa, abin da ba su gano ba a lokacin da suke buga hotonsa a shafin farko. Aka kafa kwamitin bincike, aka sa ranar zama.

Sakataren kwamitin ya zo ofis da kansa, mutum mai fara'a da turare. Ya sha shayi da manyan ma'aikata, ya yabi labulen tagogi, sannan ya ce, kamar yana hirar damina, ai gwamnati ba ta da matsala da kowa sai mutum ɗaya. Wanda ya kama bakinsa kujerarsa na nan. Wanda ya bi tsoho kuwa, to ƙofar da tsoho zai fita tana da faɗin da za ta ɗauki mutum biyu. Da ya faɗi haka Kakaki yake kallo, ko kuma Kakaki ne ya ga kamar shi ake kallo. Ya ajiye kofin shayin, don gidan da yake ciki da matarsa da 'yan biyunsu na Asusu ne. In aiki ya tafi, mabuɗin ƙofa zai bi shi.

Duk da haka da ya koma gida sai ya tsaya gaban madubin kabad ya fara jawabi. Ya kira shugaban kwamiti da sunan muƙaminsa, ya nuna shi da yatsa, ya tambaye shi ina yake lokacin da mai sabulu ba ta da kuɗin sayen kasko. Ya yi wa minista kaca-kaca. Madubi bai iya cewa uffan ba.

Matarsa tana zaune bakin gado tana ninke kayan makarantar yara. Ta bar shi har ya kai inda, a tunaninsa, zauren zaman ya ɗauki tafi.

"Baban 'Yan Biyu, da wa kake?"

"Da azzalumai. Ranar zaman nan sai na tashi na faɗa musu gaskiya, kome ta fanjama fanjam."

"Kai ɗin? Kai da mai gyaran famfo ya cuce ka, ka raka shi har bakin titi kana masa godiya?"

"Wannan daban. Wannan maganar Baba ce."

Ta ajiye rigar hannunta. "Na san Baba. Shi ya ɗauke ka aiki lokacin da ba ka da komai sai baki. Amma ka dubi yaran nan. Jarrabawa suke shirin yi. In aka kore mu, ina za mu sa kai? Ɗakin yayata? Ka rufa mana asiri ka zauna."

Ya ɗan ja, irin jan mai taya kayan da ba ya son saye. Ya ce mutunci fa, ya ce tarihi fa. A ransa kuwa sanyi ya ji har tafin ƙafa, don yanzu ya samu wanda zai ɗora wa laifi. Da ba don iyali ba, ai da an ga aiki. Ya ci abincinsa har da ƙari.

Washegari ya leƙa ofishin Baba don ya ji me zai ce wa 'yan jarida. Ya tarar da tsohon yana ɓare lemo da farce, kamar ba shi ake shirin yi wa tonon silili ba.

"Kada ka ce komai," in ji Baba.

"A zauren fa, Baba?"

"Can ma haka. Ni kaina ba abin da zan ce. Zama zan yi."

Kakaki ya fito yana sauke ajiyar zuciya. Mata ta hana, maigida ya hana. Jarumi ya so ya yi faɗa, an rirriƙe shi. Ya ma ɗan ji haushin su biyun, don kada abin ya yi masa sauƙi da yawa.

Zauren da aka yi zaman na wata ma'aikatar gwamnati ne, mai fanka uku, biyu na aiki. 'Yan kwamiti suna kan wani dogon tebur da aka lulluɓe da koren ƙyalle, ga robobin ruwa a gabansu. 'Yan jarida sun tare gefe. An ajiye wa Baba kujerar ƙarfe ita kaɗai a tsakiyar fili, tana fuskantar teburin. A bayansa aka jera ma'aikatan da suka fi daɗewa: Kakaki, da Akanta, da Sakatariya, da Direba, wanda tun zamanin benci biyu yake tare da Baba. Matan Asusu ba a bar su sun shigo ba, suna can bayan get cikin rana, sai hayaniyarsu ke shigowa ta taga.

Shugaban kwamiti ya yi ta karanta tuhuma. Kakaki ya sa wa fuskarsa irin kamannin da ya ga ya dace, na mai baƙin ciki amma mai biyayya ga hukuma. Ya ƙura wa fankar da ba ta aiki ido. Da shugaban ya gama sai ya ɗago ya ce, "Ko wanda ake tuhuma yana da abin cewa?"

Baba bai motsa ba.

A nan ne idon Kakaki ya sauko daga kan fanka ya faɗa kan ƙeyar tsohon. Furfura, da siririn wuya, da zaren nan da ya zare a wuyan riga. Mutum zaune a gaba shi kaɗai, ya ba su baya, ya kama bakinsa. Kakaki ya waiga dama, ya waiga hagu. Shi, Akanta, Sakatariya, Direba. Su huɗu.

Sai maganar Baba ta dawo masa. Zama zan yi, haka Baba ya ce. To wa ke zama a gaba ya yi shiru in ba mai neman a tsaya masa ba? Kada ka ce komai, haka ya ce. To me zai ce dama? Ai ƙa'ida ba ta yarda mai nema ya ce wa kowa ya tashi ba. Ashe tsohon roƙonsu yake da harshen gidan, harshen da shi Kakaki ya fi kowa iya fassarawa, shi kuma yana nan yana lissafin fankoki.

Ya roƙi Allah ya sa wani ya riga shi. Ya saci kallon Direba, Direba na kallon takalminsa. Ya tuna gidan, da famfon tsakar gida, da ƙusoshin da ya kafa da hannunsa ya rataye hotunan yara. Ya tuna ɗakin yayar matarsa da mijinta mai yawan tambaya. Ya ce wa kansa, kai fa matsoraci ne, kowa ya zauna a matsayinsa, yau ba ranar canza hali ba ce. Ya kama gefen kujerarsa da hannu biyu ya riƙe gam.

"Na sake tambaya," in ji shugaban. "Babu abin cewa?"

Kujerar Kakaki ta yi ƙara a kan siminti. Har yau in ka tambaye shi zai rantse ba shi ya tashi ba, ƙafafunsa ne suka ci amanarsa. Ya dai tsinci kansa a tsaye, duk kyamarori sun juyo. Akanta ya cafki bayan rigarsa yana ja, yana raɗa ta cikin haƙora, "Zauna. Don girman Allah zauna." Wannan ja ya ƙara masa ƙarfi. Ashe akwai wanda ya fi shi tsoro a duniya. Ya fizge rigarsa.

Ya buɗe baki don ya sako jawabin madubi, ya tarar babu ko harafi. Mai sabulu da kaskonta, minista, tarihi, duk sun gudu sun bar shi. Muryarsa ta fito siririya, tana rawa a wurin da bai shirya mata ba.

"Na san shi," ya ce. "Na san gidansa. In ya faɗi mun faɗi tare."

Sakatariya ta dube shi, ta dubi ƙeyar Baba, ta ajiye jakarta ta miƙe ta faɗi nata. Direba ya tashi ya faɗi nasa da ƙarfi kamar yana kiran fasinja. Saura Akanta. Ya zauna shi kaɗai tsakanin mutum uku a tsaye, kyamara na haska gumin goshinsa. Ya yi tsaki, ya ce wa Kakaki wata kalma da ba a rubutawa, sannan ya miƙe.

Wani ya leƙa ta taga ya kai labari bayan get. Guɗar matan ta cika harabar. Kakaki ya ji wani abu ya taso masa daga ciki, zaƙi-zaƙi, irin wanda bai taɓa ɗanɗana ba. Ashe haka jarumai ke ji. Ya ma fara tunanin wane gefen fuskarsa ne ya fi kyau a hoto.

Shugaban kwamiti ya cire tabarau a hankali, ya dubi Baba, ba da fushi ba, da irin kallon wanda aka ɓata wa lokaci.

"Baba," ya ce, "ba haka muka yi da kai ba."

A barandar waje Akanta ya ja shi gefe ya warware masa. Tun makon jiya Baba ya sasanta da mutanen minista. Zai zauna a karanta masa duk abin da suka ga dama, ba zai musa ba, zai tafi salin alin. Su kuma za su bar tsofaffin ma'aikata a wurarensu, su bar wa matan kujerunsu a majalisa, su bar ƙa'idar gidan yadda take. Sharaɗin ɗaya ne: kada a yi wani abin da zai ba minista kunya a gaban 'yan jarida.

Kakaki ya jingina da bango. "Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

"A gaya maka? Kai? Da kafin la'asar an ji a rediyo."

Bai musa ba, don gaskiya ce. Garin neman gira an rasa ido, kuma da yatsansa aka tsokane shi.

Hoton ya fito a jaridu, mutum huɗu tsaye bayan tsoho, kuma gefen fuskar da ba shi da kyau aka ɗauka. Minista ya gani. Kafin wata ya ƙare an sallami Baba, an sallami huɗun, an rage kujerun matan zuwa ɗaya don ado. Aka kawo sabon shugaba daga wani babban banki, da motarsa da mai riƙe masa jaka. A unguwa kuwa Kakaki ya zama abin nunawa. Masu shago na ɗaga masa hannu, ana ce masa namijin duniya. Yakan amsa da murmushin yaƙe, don babu abin da ya kai a yabe ka kan ɓarnar da ka yi ciwo.

Matarsa ba ta yi masa faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan zafi. Kwalaye kawai ta nemo wurin masu shago ta fara ɗaure kaya.

Ranar da za su tashi, da hantsi, suna tsakiyar falon da ya koma kango, sai ga sallamar Baba. Takalmin roba, rigar nan dai. Kujeru duk an fitar, don haka ya zauna kan wani kwali. Kakaki ya durƙusa ya gaishe shi, ya kasa ɗaga ido.

"Wauta ka yi," in ji Baba.

"Na sani, Baba."

"Ba ka sani ba. Jiya na bi ta reshen bayan kasuwa. Na ga wata mai ɗinki ta fito. Ƙungiyarta ta cika, su huɗu sun zo da ita. An ce musu wannan wasan yara an daina, ta je ta kawo takardar gida." Ya gyara zama kan kwalin. "Na tsaya a bakin titi ina kallonta tana juyawa. Irin juyawar da na bar banki don kada in sake gani."

Kakaki ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Da kun zauna," Baba ya ci gaba, "da yau Akanta na ciki, kai kana ciki. Da ko ba komai akwai mai buɗe mata ƙofa. Ni na tsufa, tafiyata ba asara ba ce. Na auna komai, na shirya komai. Kai kaɗai na manta da kai, don na ɗauka tsoronka zai riƙe mini kai."

"Ni ma haka na ɗauka, Baba."

Tsohon ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba. Ya sunkuyar da kai yana murza igiyar da aka ɗaure kwalin da ita. Matar Kakaki ta fito daga kicin da tsintsiya a hannu, ta tsaya bakin ƙofa.

"Akwai abin da ban gaya wa kowa ba," in ji Baba, muryarsa ta yi ƙasa. "Shekara da shekaru ina zaunar da mata a kujerar nan ta gaba, ban taɓa sanin abin da suke ji ba. Ran nan na sani. Ni na ce kada kowa ya tashi. Ni ne kuma na zauna na kasa kunne, ina jiran in ji ko kujera ɗaya ta motsa a bayana. Shugaban kwamiti na tambaya, bayana shiru. Na ce shi ke nan, yadda na so haka aka yi. Sai na ji kamar an binne ni da rai." Ya share fuskarsa da tafin hannu. "Da na ji ƙarar kujerarka, na ce a raina, wannan wawan ya kashe mu. Kuma wallahi tunda nake ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba. Shi ya sa ba na iya barci. Matar nan ta rasa rancenta, ni kuma har yanzu in na tuna daɗi nake ji."

Hawaye suka zubo wa Kakaki, ba irin na gaban baƙi ba, masu zuwa da majina da kunya. Ya so ya ce a yafe masa, ya so ya ce ya gode, bai san wanne ya dace ba, sai ya kama hannun tsohon ya riƙe. Suka zauna haka, tsoho kan kwali, shi a ƙasa, ba mai kallon wani.

Matar ta bar su har mai motar kaya ya danna hon a waje. Sannan ta goge idonta da bakin zane, ta matso.

"Baba, a yi haƙuri a ɗan ɗaga," ta ce. "Kwalin kofuna ne."